Rabon Kaftin a Naman Sallah

Lawal mutumin wani ƙauye ne a bakin kogi, kusa da Yelwa. Ya shigo Abuja da niyyar yin rani ɗaya ya koma gida, irin niyyar da kowa ke zuwa da ita. Ya sayar da lemo a bakin titi, ya tura baro a kasuwar Garki, ya wanke motoci a Apo har ruwa ya cinye masa tsakanin yatsun ƙafa. Sai da furfura ta fara leƙowa a gemunsa sannan ya samu aikin zama, gadi a gidan Madam Hannah, tsohuwar ma'aikaciyar gwamnati da ta yi ritaya take zaune ita kaɗai a Garki. Ita kaɗai ɗin ma ba sosai ba, don akwai Kaftin.

Kaftin kare ne baƙi, ƙato, mai kunnuwa a tsaye. Ranar farko Lawal ya dube shi, shi ma ya dubi Lawal, babu wanda ya burge wani. Nan take Lawal ya kafa sharaɗinsa: zai zuba masa abinci, zai share inda yake kwana, amma ba zai taɓa shi ba, kuma kada ya kusanci butarsa da tabarmar sallarsa. Madam ta ce ta ji, sannan ta kafa nata.

"Malam Lawal, abu ɗaya nake roƙo. Duk abin da ya fito daga tukunya ba na shi ba ne. Ba albasa, ba yaji, ba ƙashin da aka dafa. Ko ya yi maka kuka, kar ka ba shi."

"To, Madam."

Ta ɗauke shi a mota zuwa wani shago da ba a sayar da komai sai kayan karnuka. Ta nuna masa buhun da ake saya, ta ce a duba a ga nama ne ya fi yawa a ciki, ba masara ba. A duba ranar lalacewa. A shinshina bakin buhu, in akwai warin ruma a mayar musu da kayansu. A gida kuma a ɗora shi kan katako, kada damshin damina ya kama shi. Kwano na ƙarfe, don na roba yana riƙe datti. Ga sabulun kaska, ga igiyar wuya, ga ruwa mai tsabta kullum. Lawal, wanda bai taɓa duba ranar lalacewar abin da zai sa a bakinsa ba, ya koyi dubawa saboda kare. Kuma ya iya, har masu shagon suka daina gwada tura masa tsohon buhu.

Ya iya, amma zuciyarsa ba ta yarda ba. A garinsu karnukan mafarauta ragowar tuwo suke ci, da duk ƙashin da aka jefar, kuma suna kamo gafiya da zomo. Wannan busasshen abu mai kama da tsakuwa, a ganinsa, tsirfar mutanen Abuja ce kawai. Duk lokacin da ƙamshin miya ya taso daga kicin Kaftin ya ɗaga hanci, sai Lawal ya ji tausayi ya kama shi. A ce halitta ta shekara tana tauna abu guda, ba gishiri ba mai!

Shekaru suka tafi a haka. Matarsa Turai da yara suna ƙauye, yakan je ya gan su bayan kaka. Sauran watannin kuwa shi da Kaftin ne a bakin ƙofa, shi a kan benci, karen a kwance can gefe, kowa ya san iyakarsa. Lawal yakan ba shi labarin tsadar taki da rashin kunyar direbobi. Kaftin bai taɓa musa masa ba, abin da ba za a ce game da yawancin abokan hira ba.

Wata Babbar Sallah, Madam ta tafi garinsu bikin dangi. Maƙwabcinsu Alhaji Tawfiq, babban ma'aikaci a wata ma'aikata, ya yanka ragonsa ya aiko wa Lawal da cinya da haƙarƙari. Lawal ya hura gawayi, ya soya naman yadda ya ga uwarsa na yi, albasa jibge, tafarnuwa, yaji, har unguwa ta ɗauki ƙamshi. Da ya zauna zai ci, sai hannunsa ya tsaya. A gidan da ya tashi ba a cin naman Sallah a ɓoye. Kana ci, kana miƙa wa maƙwabci, kana neman wanda bai samu ba. Ya leƙa layin. Kowane gida firij ya cika, kowane maigadi yana fama da tasa ledar naman. A duk layin nan, wanda ya wayi gari ranar Sallah da abincin jiya guda ɗaya ne, ga shi nan kwance yana kallonsa.

Ya tuna maganar Madam, ba wai ya manta ba. Ya dai yanke cewa ba ta shafi ranar Sallah ba. Ya cika kwanon ƙarfen da nama da ƙasusuwan haƙarƙari, ya kwarara masa man suyar da albasar da ta kwanta a ƙasa, wadda ita ce mafi daɗi.

"Ungo. Barka da Sallah."

Washegari ya ƙara masa, haka ma a rana ta uku.

Da safiyar da ta biyo baya Kaftin bai taso ba. Ya yi amai a wurin kwanansa, fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi, bakinsa a buɗe, dasashin fari fat. Lawal ya kira shi, ya ɗan motsa wutsiya kawai. Tsoro ya shigi Lawal sosai. Ya buga wa Madam waya, ta ce maza ya kai shi asibitin dabbobi, ta kwatanta masa wurin. Babu mai taimako, kowa ya fita yawon Sallah. Ya tsaya ya dubi sabuwar shaddarsa, sannan ya sunkuya ya sungumi karen, yawu na zuba masa a kafaɗa. Masu tasi suna rage gudu, su ga abin da ya rungumo, su ƙara mai. Da ƙyar wani ya yarda.

Likitar da ke aiki ranar, Dakta Nafeesa, ta tambaye shi me karen ya ci. Ya faɗa mata duka, bai rage ko tafarnuwa ba. Ba ta yi masa faɗa ba, ta riga ta saba da irin wannan a kowace Sallah.

"Baba, albasa da tafarnuwa lalata musu jini suke yi. Shi kuma ƙashi in an soya shi, tsagewa yake da kaifi, ya huda hanji. Zan gwada, amma abin ya jima a jikinsa."

"Dakta, a garinmu suna ci."

"Suna ci, Baba. Suna kuma mutuwa, sai dai ba mai tambayar dalili."

Ta shiga da shi ciki. Lawal ya zauna a baranda, bai yi tunanin canza riga ba. Kafin la'asar ta fito tana cire safar hannu, ya gane tun ba ta yi magana ba.

Shi ya haƙa ramin a bayan gida, ƙarƙashin mangwaro, ya zurfafa shi sosai. Sannan ya shiga ɗakinsa ya haɗa kayansa a jaka. Ya san yadda ake yi a Abuja, ya ga an kori masu gadi kan abin da bai kai wannan ba, kuma a ransa ya ga in an kore shi an yi daidai.

Da Madam ta dawo, ya buɗe mata ƙofa, ya tsaya da jakar a hannu.

"Dakta ta gaya mini," in ji ta.

"Ni ne, Madam. Kin hana, na ba shi."

Ta dubi jakar. "Wannan fa?"

"Ta tafiya ce."

"Mayar da ita. Wa zai buɗe mini ƙofa?"

Ta wuce shi, tana tafiya a hankali irin ta mai ciwon gwiwa. Sai da ta kai bakin falo ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Malam Lawal, ya ji daɗin naman?"

"Ya ji, Madam. Har rawa yake yi."

Ta gyaɗa kai, ta shiga ta rufe. Lawal ya tsaya a tsakar gida yana jin kukanta ta taga, jakar tana hannunsa, ya rasa inda zai ajiye ta.