Ranar da Na Ba Faransa da Ingila Tuta a Mina

Ban taɓa mantawa da ranar sha ɗaya ga Zulhajjin shekarar da abokin aikina Hamza ya faɗi ba. Zafi ne ya kayar da shi a hanyar Muzdalifa, aka kai shi asibiti, aka bar ni ni kaɗai da alhazai arba'in da shida.

Ga wanda bai san aikin ba, ni murshid ne, wato ɗan jagora. Sunana Bakur. A unguwar Utaibiyya, nan ƙasa mai tsarki, aka haife ni, ban yi makaranta ba. Sauran watannin shekara dako nake yi a kasuwar kayan miya ta Ka'akiyya. Idan Hajji ya zo kamfani ya ɗauke ni, saboda ina jin Hausa da Larabci kuma na san hanya. A Mina ba a zuwa jifa yadda aka ga dama. Kowane ayari da lokacinsa a rubuce. Murshid biyu ne ke kai shi: ɗaya a gaba da tuta, ɗaya a baya yana tattara masu zamewa. A bakin ƙofa akwai mushrif, shugabanmu, da takarda a hannu. Zai ƙirga kawuna a fita, ya ƙirga a dawowa.

Mushrif ɗinmu a shekarar, Ustaz Majid, ba ya dariya. Ranar Sallah wani tsoho ya ɓace mini, sai bayan awa biyar aka same shi. Ustaz ya kira ni gefe.

"Ya Bakur, in mutum ɗaya ya sake ɓata, ko ka wuce lokacinka, ka ajiye mini katin aikinka. Baɗi kada ka zo."

"Ni kaɗai ne, ya Ustaz."

"Na sani. Ba ni da wani."

Shekarata ta kusa sittin. Wanda aka karɓe wa kati a wannan shekarun ba ya sake ganinsa.

Alhazan nawa kashi biyu ne, 'yan Najeriya ashirin da biyar, 'yan Nijar ashirin da ɗaya, duk a tanti guda. Cikinsu akwai masu ilimi biyu da suka yi ritaya. Dakta Haruna daga Zariya, malamin tarihi. Malam Isufu daga Maraɗi, tsohon shugaban lakwal, wato makarantar boko. Tun a mota suka gano juna, kuma tun daga nan ba a huta ba.

Maganarsu a kan wani sarkin yaƙin Faransawa ce, wanda ya mutu shekara wajen ɗari biyu da suka wuce. Sunansa bai taɓa zama a bakina ba. Wai ya ci ƙasashen Turawa da yawa, har Masar ya taɓa shiga, sannan ya kwashi runduna ya tafi Rasha, sanyi da yunwa suka cinye ta.

Malam Isufu ya ce, "Da bai tahi Rasha ba, da ya juyo kan Ingila ya murƙushe ta. Da Bature ɗan Ingila bai taɓa ganin Kano ba. Da yanzu ni da kai ƙasa guda muke, babu mai tsaida mu a iyaka."

Dakta ya ce, "Da wane jirgin ruwan zai murƙushe ta? A kan jaki zai haye teku? Kuma ko ya ci, me za mu samu? Aikin tilas da dogon burodi."

"Burodin namu ya hi naku mai kama da katifa."

Tsofaffin da ba su san inda Rasha take ba suka shiga. Wani ya ce da Faransa ta ci da yanzu ba a ɗauke wuta a Kano. Wani ya ce wutar Maraɗin ma daga ina ake ba su? Wani liman cikinsu ya tuna musu cewa babu jayayya a Hajji. Su biyun suka haɗa baki suka ce wannan ba jayayya ba ce, ilimi ne.

Zuwa safiyar ranar sha ɗaya ga wata tanti ya rabe. Takalman Nijar a ƙofar dama, na Najeriya a ta hagu. Bayan azahar na sanar cewa ƙarfe huɗu za mu fita, kuma dole mu dawo kafin shida da rabi. 'Yan Nijar suka ce ba za su bi sahun da Dakta ke gaba ba. 'Yan Najeriya suka ce dama wa ya gayyace su. Kowa zai je lokacin da ya so.

Tuta ɗaya gare ni, lokaci ɗaya, kati ɗaya. Na zauna tsakiyar tanti.

"Dakta, wannan sarkin, mutum nawa ya fita da su?"

"Dubu ɗaruruwa, Malam Bakur."

"Nawa ya dawo da su?"

"Kaɗan ƙwarai."

"Shi yana ina a dawowar? Gaba ko baya?"

Dakta ya yi murmushi. "Daga ƙarshe barin su ya yi, ya yi gaba ya koma gida."

Na ce, "To da a nan ne, tun ranar an karɓe katinsa."

'Yan Najeriya suka tuntsire da dariya. Malam Isufu ya miƙe, jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ce ba a san tsari irin na Faransa ba, sanyi ne kawai ya ci amanarsa, da ya juyo da wuri da ya dawo da mutanensa cif.

Na ce, "Baki ne. Ga mutum ashirin da ɗaya, kai ne Faransa. Dakta ga ashirin da biyar, kai ne Ingila. Ku kai su jifa ku dawo da su. Wanda ya shigo ƙofa da mutanensa cif shi ya ci yaƙin, a rufe maganar."

Wani tsoho ɗan Katsina, Baba Tanko, ya ce, "To Rashar fa?"

Na ce, "Za ka gan ta, Baba. Sai dai tamu ba sanyi."

Na ba Malam Isufu tutar kamfani. Na ɗaura jan ƙyalle a kan lema na ba Dakta. Kafin mu fita na raɗa wa Malam Isufu cewa na ji Dakta yana cewa 'yan Nijar ba za su kai gadar jifa ba. Na zagaya na raɗa wa Dakta cewa Malam Isufu ya ce 'yan Najeriya ko layin abinci ba su iya ba. Babu wanda ya faɗi ko ɗaya. Allah ya yafe mini.

Ƙarfe huɗu saura minti biyar suna bakin ƙofa, sahu biyu, kamar an auna da igiya. Ustaz Majid ya ƙirga, ya dubi masu tutar, ya dube ni. Ni na koma baya.

Tafiya ta yi kyau fiye da kowace shekara. Duk taku ɗari Malam Isufu zai waiwayo ya ƙirga da Faransanci. Dakta ya sa kowa ya riƙe lambarsa, yana kira suna amsawa. Aka yi jifa uku, babu wanda ya zame.

Amma duk murshid ya san ba a zuwa ake ɓata ba. A zuwa kowa na da niyya guda. Da an jefa tsakuwar ƙarshe, wannan na son ruwa, wancan na son bayan gida, wani zai kira matarsa ya ce ya gama. Hanyar dawowa kuma dabam ce, ta fi tsawo. Su kuwa shugabannin nawa, da suka ga ƙarshen yaƙi ya zo, sai suka fara tsere. Tuta na gaba, lema ta wuce ta, tuta ta sake wucewa. Ƙirga ta tsaya. Ina hango su suna tafe suna nuna wa juna yatsa, har wani askari mai tsaron hanya ya daka musu tsawa su yi gaba, "Yalla ya Hajj, imshi!"

Na farko da na tsinta Baba Tanko ne, zaune a gefen titi, takalminsa ya tsinke. Na cire nawa na ba shi, na ɗaure kwali a ƙafata da leda. Gaba kaɗan ga 'yan Nijar biyu, wa da ƙane, sun tsaya wurin famfo, sun juyo ba su ga tuta ba, suna shirin bin wani ayarin 'yan Mali. Na kamo su.

Da muka kusa, na duba agogo. Shida da minti goma. Ina hango ƙofarmu. Na ce wa mutanena uku mu zauna a inuwar wata mota mu sha ruwa.

Baba Tanko ya ce, "Ɗan nan, ba ga ƙofa can ba?"

"Na gan ta, Baba. Bari su ƙirga tukuna."

Daga inda muke ina ganin komai. Faransa ta riga shiga, ana ɗaga tuta. Ustaz Majid ya ƙirga, ya ɗaga yatsa biyu. 'Yan Najeriya suka fara shewa, ya ƙirga su, ya ɗaga yatsa ɗaya. Shewa ta mutu. Na ga Dakta yana kiran lamba babu amsa. Na ga Malam Isufu ya ajiye tuta ya dafe kai. Sun san maganar katina, duk tantin ya sani.

Sai su biyun suka tare Ustaz Majid. Daga baya mai gadin ƙofar ya ba ni labari. Dakta na roƙo da Turanci, Malam Isufu na roƙo da Faransanci, kowa na dukan ƙirjinsa yana cewa laifinsa ne, kada a taɓa Bakur. Ustaz ba ya jin ko ɗaya. Da suka ga haka suka koma Hausa, wadda ita ma ba ya ji.

Shida da ashirin na tashi. Muka shigo a hankali, Baba Tanko da takalmina, ni da kwali.

Ustaz Majid ya ƙirga. Arba'in da shida. Ya duba agogo, ya ja layi a takarda.

"Waɗannan biyun su wa ne, ya Bakur?"

"Faransa da Ingila."

Ya dube su, gumi ya jiƙe su sharkaf. Ya ce, "Gobe ma ka sa su." Katina ya kwana a wuyana.

Malam Isufu ya riƙe hannuna har tanti. Ya ce, "Malam Bakur, don Allah ina ka tsaya?"

"A baya, inda sarkinka bai tsaya ba."

Dakta ya buɗe baki zai yi dariya. Na ce, "Kai ma ɗaya ka zubar. Babu wanda ya ci."

Washegari da na miƙa musu tuta da lema, babu wanda ya karɓa. Kowa baya yake so. Na ɗauki tutata na shige gaba, su biyu suka tsare ƙarshen sahu. Ina jin su daga nesa, sun koma kan me zai faru da sarkin ya riƙe Masar, amma duk jimla biyu sai ɗaya ya katse ya ce, "Tsaya, ina Baba Tanko?"

Abin da na ɗauka a ranar shi nake gaya wa duk wanda ya shigo aikin nan. Alhaji mai ilimi idan ka bar shi zaune zai tono yaƙin da ya mutu ya raba maka tanti. Kada ka hana shi, ba za ka iya ba. Ka ba shi kawuna ya ƙirga. Kai kuma, komai kyan tutar, ka tsaya inda kake ganin ƙeyar mutum na ƙarshe.