Baƙon da Kakata Ta Hana a Ɗauka

Duk sanda aka zuba ruwa a sabon tulu, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar nan yakan mai da ni zauren gidanmu a Zango. Ba zan rantse muku da shekara ba. Na dai san bazara ce, kuma Nasara na ta kwasar mutanen ƙauye aikin dole na fasa dutse.

Wani mutumin Tirmini ya sulale daga wurin aikin, ya faɗi a ƙofarmu, numfashinsa na sarƙewa. Kakata ta dube shi sau ɗaya, ta ce a shimfiɗa tabarma. A unguwarmu ba a barin mai cutar ajali shi kaɗai, ko ɗan wane ne. Tsofaffi ke karɓa-karɓa gida-gida. Wannan ta yi fifita daga hantsi zuwa azahar, waccan ta jiƙa auduga tana ɗiga masa ruwa a leɓe. Liman kuwa ya durƙusa yana kalmar shahada kusa da kunnensa, a hankali, ba ya matsa masa ya maimaita.

Ni na tona asirin. Ina jin shekaruna bakwai. Wani gardi, dogarin Nasara, ya tambaye ni a bakin rijiya ko na ga baƙo, ni kuma an hore ni kada in yi wa babba ƙarya. Na nuna masa gidanmu.

Ya zo da igiya. Kakata na zaune, kan mutumin bisa cinyarta.

"Inna, kumandan, Baturen mulki, ya ce a mai da shi bariki."

"To, ɗauke shi," in ji ta. "Amma da ni za ka ɗaure. Kai ba jikan mai kitso ba ne? Ni na riƙe kan kakarka ranar da ta cika. In taka ta zo, kumandan ne zai ɗiga maka ruwa?"

Ya yi tsaye yana murza igiyar. Ta miƙa masa mafici.

"Ungo, ɗan nema. Hannuna ya gaji."

Ya tsuguna ya karɓa. Kafin la'asar mutumin ya cika, kuma da gardin aka ɗauki makara. An ce gardin ya sha bulala a bariki, amma wannan ban gani ba.

Na yi lakwal, wato makarantar boko, na yi jami'a, tsawon aikina ban taɓa tsallake doka ba. Ba na zargin likitocin yanzu, suna iya ƙoƙarinsu. Sai dai bara yayata ta kwanta a wani asibiti, jiki ya yi nisa, mai gadi ya zo ya ce lokacin dubiya ya ƙare, kowa ya fita. Kowa ya fita. Ni kuwa na ce masa ya je ya kira wanda zai kira. Wataƙila ban kyauta masa ba, aikinsa yake yi. Amma ban tashi ba, kuma hannunta na cikin nawa ta cika.