Baba Inuwa, Mai Ɗaukar Fayafayan Jaz a Keke

Da an idar da sallar asuba a Kademi, Baba Inuwa zai fito da kekensa, ya rataya jakar ofis a gaba, sannan ya juya kan kayan da ya fi ji da su: fayafayan garmaho. Yakan naɗe su a tsohon bargo, ya matse su tsakanin katako biyu, ya ɗaure a kariya. Sammako yake yi don kada rana ta riske shi a hanya, domin faifai in ya sha rana lanƙwashewa yake, shi ke nan ya tashi aiki. Aikinsa masinjan makarantu ne. Ɗaukar faifai kuwa ba wanda ya sa shi.

Tun kafin yaƙin basasa wasu daga cikin malaman da aka warwatsa a ƙauyukan Gaya da Ajingi suka kamu da son jaz, kiɗan nan na baƙaƙen Amurka. Wannan yana Gaya, wancan yana Toranke, ni ina Gafasa. Fayafayan ba yawa, sai dai aro, kuma Baba Inuwa ne ke kai wa kowa. Ba ya iya karanta sunayen makaɗan a jikin kwali, sai ya raɗa musu nasa. Mai busa ƙahon nan a hankali shi ne Mai Kuka, mai ganga Ɗan Gaggawa, mawaƙiyar kuwa Gwaggo. Har yau da sunayen nan muke gardama.

Ita ma gardamar a bakinsa take tafiya, kuma wallahi yana ƙara mata gishiri! Ku tambayi Malam Hadi. Lokacin da aka turo shi Toranke daga birni, kaɗaici ya ishe shi har ya ɗaure akwati. Sai ga Baba Inuwa.

"Malam, tafiya za a yi? To, Allah Ya kiyaye hanya. Dama hedimastan Gaya ne ya ce in gaya maka, duk mai son Ɗan Gaggawa bai san kiɗa ba, hayaniya ya sani."

"Shi ya faɗi haka? Ajiye faifan nan, Baba. In ka zagayo ka karɓi amsa."

Hedimasta bai taɓa faɗa ba. Amma amsa ta tafi, wata ta dawo, akwati ya koma ƙarƙashin gado, yaran Toranke kuma ba su rasa malami ba. Manoman Gafasa ma sun sha ganin Baba Inuwa da damina, ya tuɓe riga ya lulluɓe fayafayanmu, ruwa yana dukan bayansa.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, raina a ɓace. Baba Inuwa ya ajiye aiki bana. Gwiwa ta ƙi, kunne ɗaya ya tafi, ɗayan ma sai an ɗaga murya. Ranar Asabar mai zuwa za a taru a gidan hedimasta, Malam Abdulsalam, a saurari sababbin fayafayai a garmaho mai batir. Na ce a gayyato Baba. Sai Malam Abdulsalam ya yi dariya ya ce, "Haba, Malam! Zaman malamai ne fa. Me tsoho zai tsinta a ciki?"

Kai jama'a! Wannan wane irin butulci ne? Da na je gaishe da Baba Inuwa, uwargidansa Hansai ta gaya mini abin da ya hana ni cin abinci ranar. Ta ce tsawon shekarun nan bai taɓa jin faifai ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Daga bakin ƙofa yake ji, a tsaye, riƙe da keke, kafin a sallame shi. Ta ce yakan ce mata, "Ina son in ji yadda Mai Kuka yake ƙarewa. Kullum yana tsakiya nake kama hanya."

Baba, kai ne hanyar da ta haɗa mu. Kai ne ka sa malamin ƙauye ya riƙa leƙen titi da murna maimakon neman motar gudu. Ba ka taɓa fasa mana faifai ba, ba ka taɓa cewa ka gaji ba. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara lafiya. Masu tasowa, ku dubi wannan bawan Allah ku koyi yi wa mutane hidimar da ba a sa ku ba.

Ni dai ba ni zuwa Gaya ranar Asabar. Kademi zan nufa da garmahona bayan la'asar, Malam Hadi ma ya ce yana tafe. Duk mai kunya a idonsa ya ɗauko faifansa da kansa ya biyo mu, tun kunnen da ya rage bai rufe ba.

Baba, a share zaure. Ka zauna dab da garmaho, ka juyo da kunnen dama. Ba mai aikenka ko'ina sai Mai Kuka ya gama.