Lino Zammit Na Ƙofa Ta Huɗu Ba Shi Da Tikiti

Grant Pettifer, kai ne ka hana Lino Zammit tikitin wasan ƙarshe na cin kofi. Kada ka ɗora wa na'ura, kada ka ɗora wa ƙuri'a. Kai ke riƙe da ofishin tikiti na kulob ɗinmu na ƙwallo na Warrabank, kuma a kan idona ranar Litinin ka dubi tsohon nan ka ce masa babu. Na sa sunanka a layin farko ne don kada gobe ka ce ba ka san da kai ake ba. To zauna ka ji ko wane ne ka sallama, tunda shekara ukun da ka yi a unguwar nan ba su ishe ka saninsa ba.

Shekara arba'in da ɗaya, duk Asabar ɗin da ake wasa a filinmu, Lino na tashi ƙarfe shida. Matarsa Carmen ta goge masa shuɗin kwat ɗin nan na masu tsaron ƙofa, ta cika masa fulas da shayi, ta naɗe masa burodi da tumatir da kifin gwangwani a takarda. Jirgin ƙasa na tara saura kwata yake hawa, ya riga kowa isa. Tsintsiyarsa ta gida yake zuwa da ita, wai ta kulob ba ta shiga lungu. Ya share ƙofa ta huɗu tas, ya ɗiga wa ƙarfen juyin da ake turawa a shiga mai, ya tsaya. Duk wanda ya san filin ya san ƙofa ta huɗu ita ce wadda ba mai so. Tana bayan tsohuwar rumfa, tana kallon layin dogo, iskar hunturu kuma ta nan take shigowa ta ratsa mutum har ƙashi. A nan yake tsayawa, bayansa ga fili, fuskarsa ga jama'a, da ɗan ƙarfen ƙirga mutane a hannun hagu. Mutum ya wuce, ya latsa. Mutum ya wuce, ya latsa.

Doka ta ce mai ƙofa ba ya barin ƙofarsa sai mutum na ƙarshe ya fita, shi kuwa Lino bai taɓa karya ta ba. Ma'ana, a duk shekarun nan bai taɓa ganin wasa ko ɗaya da idonsa ba. Da kunne yake kallo. A irin ƙwallon da ake yi a nan, in ta ratsa tsakanin manyan turaku maki shida ne, in ta daki turke maki ɗaya. Ƙawata Dulcie Rafferty, wadda kullum sai ta makara, takan iso tana haki ana tsakiyar ihu ta ce, "Lino, me aka yi?"

"Maki ɗaya ne, Misis Rafferty, ƙwallon ta daki turke. Da shida ne da kin ji kwanon rumfa na rawa."

"Namu ko nasu?"

"Namu mana. Waɗancan ina suka ga makogwaro haka? Shige, ki daina tsare min hanya da wannan jakar taki."

Kuma ba a taɓa kama shi da kuskure ba.

Waɗanda suka manyanta za su tuna shekarar da aka rufe masaƙa, rabin mazan unguwa suka wayi gari ba aiki. A da can akwai al'ada: idan jiniya ta busa ƙarshen zango na uku cikin zango huɗun wasa, sai a wangale ƙofofi, wanda ba shi da kuɗin shiga ya shigo ya ga zangon ƙarshe kyauta. A daidai wannan shekara ce manyan kulob suka ga dama suka soke ta. Sauran ƙofofi suka bi umarni. Amma mazan masaƙa suka ci gaba da taruwa a gefen layin dogo, hannu a aljihu, suna sauraron wasan da iyayensu suka raine su a kai. Jiniya na busawa Lino ya zare sakata ya ce, "Ku shigo a hankali, ba gudu, kuma kada wanda ya gode min." Mijina, Allah ya ji ƙansa, yana cikinsu. Dogon mutum ne mai girman kai, amma ya dawo gida ranar idonsa jawur.

Kun san yadda aka kama shi? Shi ya kama kansa. Duk wanda ya shigo kyauta sai da ya latsa masa ƙarfen ƙirga, sai ga adadin ƙofa ta huɗu ya zarce tikitin da aka yanka da mutum ɗari uku. Aka kira shi ofis. Sakataren wancan lokaci ya ce, "Zammit, ba ka ji sanarwa ba ne?" Lino ya ce ai kunnensa ɗaya ba ya aiki sosai. Mutumin da ke jin ƙarar ƙwallo a jikin turke ta bayan bango. Sakatare ya ce, "To in za ka yi, me ya kai ka ƙirga su?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, mutane ne suka shigo. Ya za a yi in rubuta ba su zo ba?" An dakatar da shi wasa biyu. Da ya dawo, jiniyar zango na uku na busawa ya sake zare sakata, har manyan suka gaji suka ɗauke kai.

Ita ma Dulcie tana da nata labarin, ta kuma ce in faɗa. Mijinta ya bar wasiyya a ƙona gawarsa a watsa tokar a bayan turakun kudu na filin, inda ya yi shekara hamsin yana zagin alƙalan wasa. Kulob ya ce ba a yarda ba, wai za ta ɓata ciyawa. Ta sa tokar a gwangwanin biskit ta zo. Lino ya leƙa jaka, ya dubi gwangwani, ya dubi fuskarta.

"Biskit ne, Misis Rafferty?"

"Biskit ne."

"To a ci a hankali. Iskar yau daga kudu take, ki juya mata baya."

Ya latsa ƙarfensa sau biyu.

A watan Agusta ya ajiye aiki, don an kawo sababbin ƙofofi masu karanta waya, ba sa buƙatar ɗan Adam. A hutun rabin lokaci na wasan gida na ƙarshe aka kira shi tsakiyar fili, aka rataya masa ƙyallen wuya mai launin kulob, aka ɗauki hoto. Kai ma kana cikin hoton, Mista Pettifer, hannunka a kafaɗarsa, haƙoranka duk a waje. Lino ya juya ya kalli rumfuna huɗu cike da mutane, aka ji shi a lasifika yana cewa, "Ashe haka yake da girma." Jama'a suka yi dariya, wasu suka yi kuka. Yana sauka ya koma ƙofarsa ya ƙarasa ranar. Litinin na zagayowa ya je ya yanki katin mamba da kuɗin fanshonsa, ya ce yanzu shi ma zai zauna ya ga abin da ake ta yi wa ihu.

Sai ga shi kulob ya kai wasan ƙarshe, abin da rabonmu da shi shekara arba'in da huɗu. Asabar mai zuwa ne, a babban filin cikin birni. Kowa ya san kason da ake ba mambobi bai isa ba, kuma ana ƙuri'a ne bisa yawan shekarun da ke kan katin mutum. Nawa katin shekara hamsin da biyu, na samu. Na Lino mako bakwai. Me ya sa mako bakwai? Saboda tun ranar da ya fara aiki aka gaya masa mai ƙofa ba ya riƙe kati, ai kullum yana ciki. Yana ciki, wai. Ya yarda da su, kamar yadda ya yarda da duk abin da kulob ya gaya masa.

Ni na ja shi zuwa ofishinka, don shi ba zai je da kansa ba. Ya ɗaura taye a wuya. Ya cire hula a bakin ƙofa kamar mai shiga coci. Ka bar mu minti arba'in a kan benci kafin ka shigar da mu, kuma ko zama ba ka ce mu yi ba.

"Lino, abokina," in ji ka, "ka san da ina da iko da tuni an gama. Tsari ne. In na karya maka, gobe mutum dubu ne a layi."

Na ce, "Nuna min dubun da suka yi shekara arba'in da ɗaya a ƙofa ta huɗu, ni zan ba su nawa."

"Misis Haddow, da Lino nake magana."

"Ni kuma da kai nake, yaro. Takardar da kuka aiko wa mambobi ta ce an ware tikiti ɗari shida na abokan hulɗa masu zuba kuɗi. Su wane ne?"

"Waɗannan su ke riƙe da kulob."

Su ke riƙe da kulob. Mun san su, muna ganinsu a talabijin duk shekara, ko in ce muna ganin kujerunsu. Ana komawa zango na uku layi guda fayau ba kowa, suna can ɗakin sama ba su gama cin kifi da shan giya ba. Rabinsu ba su san launin rigarmu ba. Amma duk wannan ba shi ya hana ni barci ba. Abin da ka faɗa daga baya ne.

Ka ce, "Ka ga Lino, ranar za mu kafa babban majigi a filinmu don waɗanda ba su samu ba. Kai, dama muna neman wanda zai tsaya mana a ƙofa, don na'urorin a kashe za su kasance. Me ka gani?"

Kun san abin da bawan Allahn nan ya ce? Ya jujjuya hularsa a hannu ya ce, "Ƙarfe nawa za a buɗe?"

Na kama hannun rigarsa na fito da shi kafin in yi abin da zai kai ni wurin 'yan sanda. A bakin titi na ce ya karɓi tikitina. Ya ƙi. Ya ce, "Noreen, naki ne. Kin jira shi tun kina da baƙin gashi." Na yi faɗa, na yi lallashi, ya ce in na sake tayar da maganar ba zai ƙara shan shayina ba. Jiya Carmen ta kira ni. Ta ce ya ce ta ciro masa shuɗin kwat ta goge. "Na ce masa asu ya cinye," in ji ta. "Yana can ƙarƙashin gado a akwati. In ya ga dama ya je ƙofar da singileti. Noreen, shekara arba'in da ɗaya ina goge kwat ɗin nan. Ba zan goge shi don ya sake juya wa wasa baya ba."

Lino, na san za ka ji haushina da ka ga sunanka a jarida. Ka ji. Kai ne ka san sunan kowa da sunan uban kowa. Kai ne ke lura idan tsoho ya yi Asabar biyu bai zo ba, ka aika a duba shi. Duk adadin 'yan kallon da kulob ke bugun ƙirji da shi a rahoton shekara, babban yatsanka na hagu ne ya tara shi, har ya kai yanzu ba ya lanƙwasuwa. Ƙofa mai sanyi, mai ƙofa mai ɗumi. Ba ka taɓa neman komai ba, shi ya sa suka ɗauka ba ka son komai. Mun gode, Lino. Na gode a madadin mijina da bai iya faɗa maka ba don ka hana shi. Ku kuma matasan da kuka gaji aikin fili, ku koyi kallon fuskar mutum kafin ku kalli wayarsa, haka ya yi.

Amma godiya ba kujera ba ce, don haka ga inda muka tsaya. Mu goma sha ɗaya ne matan da ke haɗa babban labulen takardar da 'yan wasa ke yagawa su shiga fili. Shekara talatin muna yi, ba mu taɓa karɓar sisi ba. Na wasan ƙarshe yana shimfiɗe a zauren coci, an yi rabi. Jiya da rana muka ajiye almakashi gaba ɗaya, Dulcie ta kulle zauren, makulli kuma yana jikina. Ba wanda ya fi mu son ganin yaranmu sun ratsa labulen nan ranar Asabar. Amma in Lino ba ya cikin filin, su fito haka, kowa a ƙasar nan ya tambayi dalili.

Ranar Alhamis ƙarfe huɗu za a yi atisayen ƙarshe a filinmu, unguwa duka za ta zo. Duk wanda ya taɓa wucewa ta hannun Lino, ya zo ya tsaya a ƙofa ta huɗu. Kai kuma Grant Pettifer, ka sauko daga bene ka same mu a can da tikiti biyu, ɗaya nasa ɗaya na Carmen. In kuwa ka zo hannu wofi, to ka zo da jerin sunayen mutum ɗari shidan nan, ka karanta mana su ɗaya bayan ɗaya a gaban Lino, ka nuna mana wanda ya fi shi cancanta. Muna jiran amsarka.

Noreen Haddow, Layin Masaƙa, Warrabank