Kaset ɗin Tsohon Ba'indiye

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Tudun Wada, mahaifina bayansa ya riƙe. Buhun masara ya cicciɓa shi kaɗai daga kan amalanke, don shi a wajensa neman taimako ragwanci ne. Tun daga ranar ruku'u ya gagare shi. Mutumin da ya tsufa a sahun gaba, sai ga shi can ƙarshen sahu a zaune ya miƙe ƙafa. Ciwon bai dame shi kamar zaman nan ba.

An yi ƙaho, an sha saiwoyi, shiru. Da na kai shi asibiti a Kano, likita ya ce ba karaya ba ce, jijiyoyi ne suka ɗaure, sai dai ya riƙa miƙa jiki a hankali kullum. Ya ce akwai kaset na bidiyo da ke koyar da hakan, yoga ake ce wa abin, in nemi na 'yan koyo.

Mai shagon da na je ya zube min guda uku. Na farko wata Baturiya ce a jikin kwalin, da irin kayan da sai da na waiga kafin na kife shi. Na biyu wani ƙato ne ya naɗe ƙafarsa a wuya, na ce wannan ai sai ya ƙarasa min uban. Na ukun wani tsohon Ba'indiye ne mai farin gemu, riga har gwiwa, zaune a kan tabarma. Na ce yauwa, dattijo da dattijo, ba mai abin cewa. Har na dawo gida ina yaba wa kaina hankali, ni ga mai ilimin boko.

Ba mu da bidiyo, sai na aro na wani abokina. Tare muka tashi, kwano ɗaya muke ci a zauren mahaifin nawa. Mutum ne mai barkwanci, inda ya zauna nan ake taruwa.

Ranar farko Baba ya ce, "Yanzu ni za ka zaunar gaban akwatin nan kamar yaro?" Amma ya zauna. Da aka kunna, tsohon ya haɗa tafukansa a ƙirji ya sunkuyar da kai.

"Wannan fa?" in ji Baba.

"Gaisuwarsu ce, Baba."

"To ya gai da mutanensa. Wuce da shi."

Haka muka riƙa yi kullum da safe kafin in tafi makaranta: in wuce da gaisuwar, Baba ya kwanta rigingine ya janyo gwiwa, ya juya, ya miƙe, yana mitar cewa tsohon nan bai taɓa riƙe fartanya ba. Sati uku, ran nan na gan shi tsaye a tsakar ɗaki, ya sunkuya ya dafa gwiwoyinsa, ya ɗago da kansa ba wanda ya riƙe shi. Ya yi dariya har da ƙwalla, ya ce, "Juma'ar nan a tsaye zan yi ta."

Kwana biyu bayan haka abokina ya zo karɓar bidiyonsa, wai zai yi baƙi. Ya yi sallama ya shigo daidai na kunna, ban kai ga wucewa da gaisuwar ba. Ga tsoho ya haɗa hannu a talabijin, ga Baba zaune a gabansa ya tanƙwashe ƙafa yana jira. Abokin nawa ya durƙusa ya gai da Baba, ya ɗauki kayansa ya tafi.

Washegari a teburin mai shayi ya kwaikwayi Baba, ya haɗa hannu, ya lumshe ido, yana karkaɗa kai. Aka yi ta dariya. Kowa a wurin ya sha kallon finafinan Indiya, kowa ya san a gaban me suke haɗa hannu haka. Kafin la'asar labarin ya daina zama abin dariya. Ƙanen Baba ya taso daga Doguwa a kan babur, ko ruwa bai sha ba ya ce, "Yaya, me nake ji? Wai ɗan bokon nan ya kawo maka gunki?"

Ranar Juma'a Baba ya je ya tsaya a sahu da ƙafafunsa. Na kusa da shi ya ɗan matsa, ya bar tazara tsakanin kafaɗunsu. Da muka dawo ya nuna kaset ɗin da sandarsa ya ce in fitar masa da shi daga gida. Na ce, "Baba, ai yana yi maka amfani, kuma ko sau ɗaya ba ka haɗa hannun nan ba."

Ya ce, "Gara in yi sallah a zaune a san ni Musulmi ne."

Ko miƙar ma ya daina, don kada a leƙo a gani. Kafin damina bayan nasa ya sake ɗaurewa. Ya koma ƙarshen sahu, a nan ya zauna har Allah Ya karɓi ransa.

Abokina da na tare shi cewa ya yi, "Haba, wasa ne fa, ni na san za a ɗauke shi haka?" Bai taɓa zuwa ya ba Baba haƙuri ba, bai kuma koma teburin ya ce ƙarin gishiri ya yi ba. Ni ma ba na wanke kaina. Na iya tsayawa gaban yara in yi ta bayani, amma na kasa tsayawa ƙofar masallaci in faɗi kalma biyu a kan ubana, don ina tsoron a ce ni ne na lalace. Wannan har yau yana ci min rai, kuma ban ga alamar zai daina ba.

Bara muka haɗu da abokin nawa a wajen ɗaurin aure, yana dogara sanda, ya ce bayansa ya hana shi sakat, sallah ma a kan kujera yake yi. Ya rage murya ya ce, "Wai kaset ɗin nan na Baba, yana nan kuwa?"

Na ce masa ya ɓace tuntuni. Yana nan a ƙasan akwatina.