Rabin Tumu

Shekarar da ƙafafun Baba suka ƙi shi, damina ta yi kyau a Damargu. Ni kuwa na zo gida hutu daga Damagaram, inda nake koyarwa a wata lakwal. Duk ƙauyenmu, can gabas da Tanut, Mushe ake ce mini, wato malamin makaranta a bakin Faransa, har da Inna idan tana jin tsokana.

Gero ya fara nuna, yara na ta gasa tumu a kowane lungu, ƙamshi ya cika gari. Kaf gidanmu babu mai son tumu kamar Baba. Ga shi ciwo ya ɗauke masa cin abinci, tuwo loma biyu ya ture, har wuyansa ya fito. Inna ta karyo zangarniya mai kyau ta gasa masa, ko Allah zai sa bakinsa ya buɗe. Ya karɓa, ya shinshina, ya haɗiye yawu, ya mayar mata.

Dalilin kowa ya san shi. Tun kafin a haife ni Baba ba ya sa tumun shekara a baki sai tare da abokinsa, wani Bafillace makiyayi da muke kira Baffa. Da rani garken Baffa ke kwana a gonarmu, su ci kara su bar mana taki. Idan gero ya nuna kuma, Baba ya hau keke ya bi shi duk inda yake, su ci na farko tare. Mu da jinin Barebari a jiki, wasa da Fulani gado ne, don haka abotarsu rabi zagi ce.

Inna ta ce, "Malam, ka ci mana. Ai shi ma ya san lalura."

Ya ce, "A ina ya sani? Waya gare shi?"

Raina ya ɓaci, don ina ganin mutum na ramewa a kan zangarniya guda. Na ce to zan ɗauki kabu-kabu in kai wa Baffa, in dawo kafin azahar. Baba ya dube ni kamar na zagi liman.

"Babur? Ka tarwatsa masa shanu ya ce na turo masa masifa? Idonsa ya yi rauni, amma ya san ƙararrawar kekena. Shi za ka hau."

Keken nan ya girme ni. Sirdinsa an naɗe shi da tsumma, birki sai ka haɗa da tafin ƙafa, ƙararrawar kaɗai ke aiki kamar jiya aka saye ta. Inna ta ɗaura mini ƙaramin buhu na zangarniya a baya, da sukari da ganyen shayi. Baba kuma ya sa aka baje masa zangarniyun, ya zaɓi wadda ta fi tsawo, ya naɗe ta da guntun tsohon rawaninsa. Ya ce wannan a hannun Baffa zan sa, sauran na mutanen gida ne.

Na fita da sanyin safiya, kuma gaskiya farkon tafiyar daɗi ne. Gero ya fi ni tsawo dama da hagu, tsuntsaye na tashi gabana, masu tsaron gona na kaɗa gwangwani. Duk wanda na wuce sai ya ɗaga hannu ya ce a gai da mai keke, ba wanda ya tambayi mai tuƙi. Na ji kaina yaro, har na saki hannu ɗaya ina fito.

Da gonaki suka ƙare rairayi ya fara. Daga nan muka raba aiki, keke ya ɗauke ni wani wuri, ni in tura shi wani wuri, kuma nawa rabon ya fi yawa. Ƙarangiya ta cika mini ƙafar wando. Ƙayar aduwa ta huda tayar baya, na zauna a inuwar ita aduwar na yi faci ina yi mata Allah ya isa.

Rana ta take na isa rijiyar da na san su Baffa da ita. Ba shanu, ba bukka, sai wani dattijon Buzu yana hutawa kusa da raƙuminsa. Na gaishe shi, na faɗi wanda nake nema. Ya yi dariya har rawaninsa ya zame.

"Da damina kake neman Bafillace a bakin rijiya? Ruwa na kwance ko'ina? Kai ɗan lakwal ne ko?"

Na ce har koyarwa nake. Ya ce shi ya sa. Ya zuba mini shayi, sannan ya nuna mini arewa, wajen Tenhya. Ya ce in bi sabon kashin shanu har in ga tabki mai farar ƙaya a gefensa.

La'asar sakaliya na hango jajayen shanu masu dogayen ƙaho. Na daure na hau keken don kada in shiga ina turawa. Na kaɗa ƙararrawa.

Wani tsoho ya zabura daga gindin itace, yana ɗaga sanda. "Babarbare! Sai yau? Na ce ko yunwa ta gama da kai!"

Ya taho yana dariya, har ya kama kan keken. Sannan ya matso da fuskarsa kusa da tawa, dariyar ta tsaya. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar lokacin ba.

"Yana da rai?"

"Yana da rai, Baffa. Ƙafa ce ta hana shi."

Ya sauke numfashi. "Alhamdu lillahi. Dama ƙafar tasa ba ta kirki ba ce."

Matarsa, da muke kira Goggo, ta kawo mini ƙwaryar nono mai sanyi, na sha har sai da cikina ya yi ƙara. Ta raɗa mini cewa ko shekaranjiya wasu manoma sun ba shi tumu, ya ƙi ci, ya ce yana jiran wani.

Na miƙa wa Baffa ƙullin Baba, ya warware rawanin da kansa. Ya hura wuta, ya gasa zangarniyar yana juya ta a hankali, ya karya ta biyu. Na miƙa hannu. Ya buge shi.

"Kai wa? Naka na cikin buhu."

Ya murtsuke rabi a tafinsa, ya hure, ya ci da 'yan haƙoran da suka rage masa. Ɗaya rabin ya mayar cikin rawanin ya ɗaure. "Ka kai masa. Ka ce na ci."

Washegari na juyo da kwalbar man shanu daga Goggo. Na tarar da Baba a zaure, an jingina shi da bango, ido a kan hanya. Ko gaisuwa bai bari na gama ba ya karɓe ƙullin. Ya buɗe, ya juya guntun tumun da ya huce tun jiya, ya gwada shi da yatsa.

"Ka gani ko? Gindin ya ɗauka, wajen ƙwaya masu kauri, ya bar mini tsinin. Tun muna samari haka yake cutata."

Ya murtsuke ya cinye tas, har abin da ya zuba a riga ya tsince. Sannan ya ɗaga murya ya tambayi Inna ko gidan nan an daina dama fura ne.

Baba bai ga geron shekarar da ta biyo ba. Da ya nuna, ba wanda ya aike ni, na zaɓi zangarniya mafi tsawo na hau keken. Wannan karon ban bi ta rijiya ba, kuma ban kaɗa ƙararrawa ba, don Baffa ya riga ya zo mana gaisuwar rasuwa. Ya gasa, ya karya biyu, ya daɗe yana riƙe da su. Sannan ya miƙo mini gindin.

Ya ce, "Karɓi, ɗana. Na ubanka ne, na daɗe ina ci masa."