Tsohon Da Ke Yi Wa Nas Ƙaryar Sukari

A gidan shayin da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Iskandariyya, wani tsoho na zaune, gashin baki kamar tsintsiya, ƙafar hagu naɗe da bandeji cikin silifa. Shayinsa baƙi ƙirin ne, ko ƙwayar sukari babu. Da idona na ga ya kori mai shayin da gwangwaninsa na sukari.

Wayarsa na ƙara sai ya gyara zama, ya ƙure sautinta kowa na ji. Nas ce daga asibiti, cikin waɗanda aka ɗora wa kiran masu ciwon sukari, tunda kira ya fi gadon asibiti araha.

"Baba Fatahallah, me ka sha yau?"

"Ba komai, 'yata." Yana faɗa yana kaɗa cokali a kofi, dab da wayar.

"Ina jin cokali fa! Nawa ka zuba?"

"Uku kacal. To, huɗu."

"Wallahi kai za ka kashe ni kafin ciwon ya kashe ka! So kake a yanke ƙafar?"

Tana zazzaga masa faɗa, shi kuwa ya lumshe ido kamar mai sauraron waƙa. Ina zaton yana da 'ya'ya, suna can Kuwait, sun manta lambarsa.

Yana ajiye wayar ya kama ni ina kallonsa.

"Kalli gabanka, ɗan nan. Wanda ya ji sauƙi daina kiransa suke yi. Ni mahaukaci ne da zan warke?"